Yadda ake kwashe cinikin kanti daga manhajar sayarwa a zuba a manhajar akanta ba tare da lissafi ya rikice ba

Kantuna da yawa yanzu sun saka manhajar sayarwa a kwamfuta ko tablet, yaro yana sikanin kaya yana buga rasit komai tsaf, amma in wata ya ƙare sai ka ga akanta ya zauna da tarin takardu yana sake buga cinikin nan da hannu cikin QuickBooks ko Zoho Books ko Sage, aiki biyu kenan, kuma a nan ne sifili ɗaya ke ƙaruwa ko ya ɓace ba wanda ya sani. Zan nuna maka yadda nake haɗa wa kantuna hanyar da ciniki zai riƙa tashi daga can ya sauka nan ta fayil. Danna Export kam ko yaron kanti zai iya. Inda aikin yake shi ne ka san me za ka kai, kowane kuɗi wane asusu zai shiga, sannan ka tabbatar jimillar da ta fito ita ce ta sauka.

Misalin da zan riƙa bi kantin kayan masarufi ne a Najeriya, mai karɓar tsabar kuɗi da kati da transfa, yana kuma ba da bashi. In kemis ne ko gidan abinci ko shagon yadi hanyar ɗaya ce.

Abubuwan da za ka tanada

Izinin shiga manhajar sayarwa a matsayin mai gida ko manaja. Lambar kashiya ba ta buɗe rahotanni, kar ka ɓata lokaci da ita.

Izinin shiga manhajar akanta wanda zai baka damar ƙirƙirar asusu da shigo da fayil.

Kwamfuta. Waya tana iya sauko da fayil ɗin amma gyara shi a waya wahala ce kawai.

Excel. In babu, Google Sheets ko LibreOffice Calc sun isa, duka kyauta ne, kuma a wajen buɗe CSV ma, wato fayil ɗin tebur da waƙafi ke raba bayanansa, LibreOffice ya fi Excel hankali.

Sitetmen na banki da na na'urar POS na kwanakin da za ka yi aiki a kansu.

Rahoton rufe rana, wanda kashiya ke bugawa in an tashi, wasu na ce masa Z.

Sai akantan kantin, ko da ta waya ne, don akwai tambayoyin da shi zai amsa ba kai ba.

1. Fara yanke shawara: rasit ɗaya-ɗaya ko jimillar rana

Mai koyo kullum so yake ya kwashe kowane rasit ya kai manhajar akanta, wai don komai ya fito. Kar ka yi. Kantin da ke buga rasit ɗari uku a rana, a wata ya tara kusan dubu tara, kuma manhajojin nan suna da iyaka, QuickBooks Online invois 100 yake karɓa a shigowa ɗaya, fayil kuma kar ya wuce layi 1,000, to ka lissafa sau nawa za ka yi. Kuma ba amfanin da zai maka, wanda ya sayi sabulu da Maggi ya biya ya tafi ba ruwan akanta da sunansa, in ana neman wannan bayanin yana nan a manhajar sayarwa.

Abin da nake yi shi ne jonal ɗaya a kowace rana, wato rubutun da ke nuna wane asusu kowane kuɗi ya shiga da dalilinsa, mai layi bakwai zuwa goma, ya ɗauke cinikin ranar duka. Inda kawai nake bin mutum ɗaya-ɗaya shi ne masu bashi, don dole a san wa ake bi nawa. In kuma ɗan sari ne kai, irin na kasuwar Singa ko Kwari a Kano, da yawancin ciniki manyan kwastomomi ne da suna da bashi mai juyawa, to kai invois-invois ya fi maka, sai ƙananan cinikin hannu da hannu su tafi a jimilla.

Ka tsayar da ranar farawa ma tun yanzu. Ɗaya ga wata ya fi. Duk abin da akanta ya riga ya buga da hannu kafin ranar kar fayil ya taɓa shi, in ba haka ba ciniki zai shiga sau biyu.

2. Gyara manhajar sayarwa kafin ka fitar da komai

Fayil ba ya gyara abin da aka buga ba daidai ba, kwaso shi kawai yake yi. Saboda haka shiga saitin ka duba hanyoyin biya. Sau da yawa za ka tarar Cash da Card kawai aka saka, transfa kuma kashiya yana danna duk wanda hannunsa ya fara kaiwa. Ka raba su: tsabar kuɗi, kati, transfa, bashi. In na'urar POS biyu ce a kantin, misali ta Moniepoint da ta OPay, kowacce ka ba ta nata maɓallin, don kuɗinsu ba asusu ɗaya suke sauka ba.

Sai rukunin kaya. Ba sai sun yi yawa ba, amma lallai kayan da ake ɗora wa VAT, wato harajin da ake ƙarawa a kan farashin kaya, su rabu da waɗanda ba a ɗora wa. VAT a Najeriya 7.5% ne tun Fabrairun 2020, kuma kayan abinci na yau da kullum da magunguna da littattafai ba a caje su kamar sauran kaya, to a nan ne za ka kira akanta ya faɗa maka wane kaya ke wane ɓangare, kar ka yi hasashe. In kantin ƙarami ne da doka ba ta ɗora masa karɓar VAT ba, duk inda na yi maganar VAT ka tsallake. Ka kuma duba ko farashin da ke kan kaya da VAT a ciki yake ko a kai ake ƙarawa, yawancin kantunanmu a ciki yake.

Abu na ƙarshe agogo. Ka tabbatar manhajar tana kan lokacin Najeriya. Wasu suna fitar da fayil da lokacin UTC, wanda muka fi shi da awa ɗaya, cinikin da aka yi tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya sai ya koma jiya. Kantin da ke rufewa bayan isha'i ba zai ji komai ba, amma gidan abinci ko kemis mai kwana a buɗe zai ga rahoton Z da fayil sun ƙi haɗuwa kullum.

3. Buɗe asusu a manhajar akanta, ka rubuta takardar daidaitawa

Je wajen Chart of Accounts, wato jerin asusun kamfanin, ka tabbatar akwai waɗannan, in babu ka ƙirƙira: ciniki mai VAT, ciniki mara VAT, VAT da ake bin kanti, tsabar kuɗin kanti, masu bashi, cajin banki, rangwame in ana yi, da asusun gibi ko rarar kashiya. Sannan guda biyu da su ne ƙashin bayan aikin, POS na wucin gadi da transfa na wucin gadi, ka buɗe su a ɓangaren kadarorin gajeren lokaci.

Dalilinsu shi ne, kuɗin kati da aka karɓa yau ba lallai ya sauka banki yau ba, in ma ya sauka ba cif yake sauka ba, an cire caji. In ka zuba cinikin kati kai tsaye a asusun banki, gobe kuma ka shigo da sitetmen, kuɗin nan ya bayyana sau biyu, riba ta kumbura a takarda aljihu kuma ba komai. Asusun wucin gadi kamar zaure ne, kuɗi ya zauna a nan ya jira, sai banki ya shaida ya iso sannan a shigar da shi ciki. In komai na tafiya daidai asusun zai riƙa komawa sifili ko kusa da shi, in kuma ka ga yana ta taruwa to akwai kuɗin da kashiya ya ce an biya amma bai zo ba.

Yanzu buɗe shafi ɗaya a Excel ka yi layi biyu a tsaye, hagu sunan abu kamar yadda manhajar sayarwa ke rubuta shi, dama sunan asusun da zai shiga kamar yadda yake a manhajar akanta, harafi da harafi. Kar ka buga sunan da hannu, kwafo shi ka liƙa. Tazara ɗaya da ta ƙaru a ƙarshen suna ta isa manhaja ta ce ba ta san asusun ba. Wannan takardar ka adana ta, ranar da ba ka nan ita wani zai bi.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku lambobin asusu kuke bi na tsarin akanta na SYSCOHADA, 571 kuɗin akwati, 521 banki, 411 kwastomomi, 701 cinikin haja, TVA kuma, wato VAT ɗinku, 19%, sai ku saka lambar a maimakon suna.

4. Fitar da fayil

A manhajar sayarwa shiga Reports. Rahoto uku kake so na rana ɗaya ko na kwanaki ɗaya: ciniki bisa hanyar biya, ciniki bisa rukunin kaya, da rahoton haraji. Zaɓi kwanan wata, zaɓi reshe in kanti ya fi ɗaya, danna Export, ɗauki CSV ko Excel. PDF na karatu ne, ba ya shiga ko'ina.

Kar ka fitar da ranar da ba a rufe ba. Jira kashiya ya rufe, a ƙirga kuɗin durowa, sannan.

Da fayil ya sauko sake masa suna nan take, kamar ciniki_2025-04-03_biya, shekara a gaba sai wata sai rana don su jeru da kansu. Ka ajiye asalin a folda guda da ba a taɓawa, ka yi aiki a kan kwafi. Wasu manhajojin na kyauta ba sa barin ka ga tsohon ciniki ko ka fitar da shi sai ka biya, to kar ka bari watanni su taru.

In manhajar ba ta da Export gaba ɗaya, ba a fasa ba, ɗauki rahoton Z ka buga alƙalumansa da hannu a fayil ɗin da zan nuna a mataki na 6, layi bakwai ne ba dubu ba.

5. Buɗe fayil ɗin ba tare da ka lalata shi ba

Nan ne mutane suka fi cutuwa, kuma ba sa sanin sun cutu sai daga baya. In ka danna CSV sau biyu Excel zai buɗe shi ya yi ta gyara maka abin da ba ka sa shi ba. Lambar waya 0803 sifilin gaba ya tafi. Lambar asusun banki mai lamba goma da ta fara da sifili ta koma tara. Lambar bakod mai lamba 13, irin ta kayan Najeriya da ke farawa da 615, sai ka ga ta koma 6.15E+12, in kuma ka danna Save a haka to haka za ta zauna a fayil ɗin, sauran lambobin sun tafi kenan, kaya ɗari su koma lamba ɗaya. Duk lambar da ta wuce 15 kuma, kamar lambar shaidar transfa, Excel yana mayar da na ƙarshen sifili ba tambaya.

Maganinsa: buɗe Excel fanko, je Data, zaɓi From Text/CSV, nuna masa fayil ɗin, a wajen File Origin ka zaɓi tsarin haruffa na UTF-8, sannan ka shiga Transform Data ka mayar da layin waya da bakod da lambar rasit su zama Text. A Google Sheets in ka je File sai Import, akwai ɗan akwati da ke cewa zai mayar da rubutu lambobi da kwanan wata, cire masa alamar. LibreOffice shi da kansa yake tambayarka duk wannan kafin ya buɗe.

UTF-8 ɗin nan ba ado ba ne. In babu shi sunan kwastoma mai ɗ ko ƙ ko ɓ sai ya fito da alamar tambaya ko wasu tarkacen haruffa, alamar ₦ ma haka, manhajar akanta kuma ta ɗauka sabon mutum ne ta buɗe masa wani shafin bashi daban.

Sai kwanan wata, babban mugu. 03/04/2025 a wajenmu 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka 4 ga Maris ne, kuma kwamfutoci da yawa da ake sayowa da saitin Amurka suke zuwa. Abin haushin shi ne daga 1 zuwa 12 ga wata ba kuskuren da zai bayyana, shiru kawai zai juya rana ta koma wata, sai daga 13 ne zai rikice. Ga yadda ake ganewa: kalli layin kwanan watan, in wasu sun manne dama wasu sun manne hagu to an samu matsala, na hagun Excel bai gane su a matsayin kwanan wata ba, na daman kuma mai yiwuwa ya juya su. Rufe ba tare da Save ba, sake shigowa ta Data, ka gaya masa tsarin rana, wata, shekara ne.

Layin kuɗi kuma ya zama lamba zalla. Ba ₦, ba N, ba waƙafin dubbai. 150000 ko 150000.00, ba 150,000 ba, don CSV da waƙafi yake raba layukan tsaye. In kwamfutar da saitin Faransanci take, kamar yadda ake samu a Nijar da Kamaru da Chadi, Excel da waƙafi mai ruwa yake raba layuka, waƙafi kuma ya tsaya a gurbin ɗigo, to in ka shigo da fayil ka ga komai ya cunkushe a layi ɗaya wannan ne, sai ka canza alamar rabawa a wajen shigowa.

6. Gina jonal ɗin ranar

Kar ka ƙirƙiri tsarin fayil daga kanka. Kowace manhajar akanta tana da samfurin fayil a shafin shigowa, sauko da shi ka cika. A QuickBooks Online za ka ga gurbin lambar jonal, kwanan wata, sunan asusu, debit, kiredit, bayani, da suna.

Ƙa'idar da kake buƙata ɗaya ce: inda kuɗi ya sauka debit, dalilin zuwansa kiredit, kuma jimillar biyun dole ta zo ɗaya. Ga misali da alƙaluman da na ƙirƙira don koyo. A ce cinikin ranar N502,500 ne. Ta ɓangaren biya, tsabar kuɗi 150,000, kati 200,000, transfa 120,000, bashi 32,500. Ta ɓangaren kaya, masu VAT 322,500 da VAT ɗin a ciki, marasa VAT 180,000.

Debit: tsabar kuɗin kanti 150000, POS na wucin gadi 200000, transfa na wucin gadi 120000, masu bashi 32500.

Kiredit: ciniki mai VAT 300000, ciniki mara VAT 180000, VAT da ake bin kanti 22500.

Duka ɓangarorin 502,500. Lura da yadda 22,500 ya fito. In VAT yana cikin farashi, ninkawa ake da 7.5 a raba da 107.5. Wanda ya ɗauki 7.5% na 322,500 kai tsaye zai samu 24,187.50, ya biya hukuma abin da bai karɓa ba, kullum kuma. Gara ma ka ɗauki adadin daga rahoton harajin manhajar sayarwa, lissafin naka ya zama na dubawa kawai, in bambancin kwabbai ne ba komai, in dubbai ne to akwai kayan da aka saka a rukunin da ba nasa ba.

Layin bashi QuickBooks ba zai karɓa ba sai da sunan kwastoma, saboda haka in mutum uku suka ci bashin 32,500 ɗin layi uku za ka yi, kowa da sunansa kamar yadda yake a manhajar. Xero kuma, wata manhajar akanta, ba ya barin jonal ya taɓa asusun banki ko na masu bashi sam, shi ya sa masu Xero suka fi yin invois ɗaya na cinikin rana, masu bashi kuma kowa da nasa invois. In ka bi hanyar invois ga masu bashi to cire cinikinsu daga jonal, kar ya shiga nan ya shiga can.

Akwai abubuwa uku da ke hana durowa haɗuwa da fayil a kantunanmu. Na farko kuɗin da ake zara a durowa da rana, man janareta, kuɗin lodi, abincin yara. Kowanne a rubuta shi, ya shiga debit na kashe kuɗi, a rage shi daga tsabar kuɗi. Na biyu mai bashin da ya kawo biyan tsohon bashi, wannan ba cinikin yau ba ne, debit tsabar kuɗi kiredit masu bashi da sunansa, in kashiya ya buga shi a matsayin ciniki an sayar da kaya ɗaya sau biyu kenan. Na uku, wanda ya fi rikita mutane, kantin da ke cire wa mutane kuɗi da na'urar da ake karɓar ciniki da ita. Mutum ya saka kati an cire 10,200 an ba shi 10,000 a hannu, wannan 10,200 ba ciniki ba ne, debit POS na wucin gadi 10200, kiredit tsabar kuɗi 10000, kiredit kuɗin kamisho 200. Ni dai shawarata in da hali a raba na'ura, ɗaya ta kanti ɗaya ta cire kuɗi, rigimar ta ƙare.

Kayan da aka dawo da su a rage daga ciniki da VAT da kuma hanyar da aka mayar da kuɗin. In bayan duk wannan kuɗin da aka ƙirga bai kai na fayil ba, kar ka gyara ciniki don ya yi daidai, saka bambancin a asusun gibin kashiya mai gida ya gani da idonsa.

Lambar jonal ka yi ta da kwanan wata, kamar C250403, duk layukan ranar lamba ɗaya. Da ita za ka gane ko ranar ta riga ta shiga. A gefe ka sa Excel ya tara debit ya tara kiredit ya cire, in ba sifili ba ne kar ka wuce. Sannan Save As, zaɓi CSV UTF-8.

Maganar kaya a sito, bar ta a manhajar sayarwa, can ne bakod da yawan kaya suke. Ƙarshen wata a ƙirga, akanta ya shigar da darajar abin da ya rage da jonal ɗaya. Riƙe sito a manhaja biyu lokaci ɗaya ban taɓa ganin ya zauna daidai ba.

7. Gwada da rana ɗaya tak

In manhajar akantan ta kan kwamfuta ce, irin Sage 50 ko QuickBooks Desktop, yi kwafin ajiya kafin ka taɓa komai, ka sa a filas. In ta intanet ce kuma tana da kamfanin gwaji, kamar Demo Company na Xero, fara a can.

A QuickBooks Online danna alamar giya a sama, Import data, Journal entries, ɗora fayil. Zai nuna maka kowane layin fayil ɗinka da gurbin da yake zaton nasa ne, ka bi ɗaya-ɗaya ka duba, kar ka yarda da zatonsa, musamman debit da kiredit da tsarin kwanan wata. Zoho Books haka yake, yana kuma tambayar irin haruffan fayil, ka ce UTF-8, yana iya riƙe daidaitawar don gobe. Sage 50 ta File ne sai Select Import/Export. QuickBooks Desktop shi fayil ɗin IIF ya sani, sai an juya naka zuwa IIF tukuna, kuma ka yi hattara da shi sosai. In naka QuickBooks bai nuna shigo da jonal ba, yi invois ɗaya na rana da kwastoma mai suna Cinikin Kanti, kowane rukunin kaya layi ɗaya.

In ya ƙi karɓa karanta saƙon da ya bayar, kusan kullum cikin huɗun nan ne: sunan asusu bai yi daidai ba, kwanan wata, debit da kiredit ba su haɗu ba, ko akwai layin jimilla da ka manta a ƙasan fayil.

Rana ɗaya na ce. Wanda ya zuba wata shida a karon farko sannan ya gane kati da transfa sun musanya gurbi, zai kwana yana gogewa, don ba kowace manhaja ke da maɓallin janye shigowa gaba ɗaya ba.

8. Tantance, sannan ka kawo banki

Ya ce an shigo lafiya ba yana nufin daidai ne ba. Buɗe rahoton riba da asara na ranar kaɗai, ciniki ya zama 480,000 a misalinmu. Buɗe asusun VAT ka ga 22,500. Buɗe shafin kowane mai bashi. Sannan buɗe rahoton VAT na manhajar, don wasu manhajojin in ka zuba kuɗi kai tsaye a asusun VAT ta jonal ba ya fitowa a rahoton, sai an bi ta lambar harajin da ke kan layin ciniki, in ka ga rahoton fanko to koma ka yi amfani da gurbin Tax code, ko ka koma hanyar invois. Gara ka gano yanzu da ranar 20 ga wata, tunda zuwa 21 ga watan da ke biye ake kai rahoton VAT ga hukumar haraji, FIRS da ta koma NRS daga Janairun 2026.

Yanzu shigo da sitetmen. QuickBooks yana karɓar CSV mai layi uku a tsaye, kwanan wata da bayani da adadi, ko mai huɗu da kiredit da debit a rabe, ka goge tambarin banki da adireshi da ke sama tukuna. Duk kuɗin ciniki da ka gani ya shigo kar ka ce masa ciniki, an riga an rubuta cinikin a jonal, tura shi asusun wucin gadi. In kati 200,000 ne banki ya nuna 199,000, dubu ɗayan cajin banki ne, ka kai shi can, asusun POS ya koma sifili. Cajin transfa da kuɗin saƙon alat duk cajin banki ne.

Transfa da ya kwana biyu a asusun wucin gadi bai sauka ba, ko alat ɗin bogi ne, ko an tura asusun mai gida na kansa, ko na yaron kanti. A bi shi tun da zafinsa. Kuma a gaya wa Alhaji cikin ladabi cewa in kwastomomi za su ci gaba da turawa asusunsa na gida, to dole ko dai a riƙa rubuta shi a matsayin kuɗin da mai gida ya ɗauka, ko a daina ba da lambar.

9. Mayar da shi al'ada

In rana ɗaya ta haɗu, yi mako, in mako ya haɗu sai ka tsayar da lokaci, kullum da safe ko duk Litinin, mutum ɗaya ne kuma ke yi. Ka gina fayil ɗin Excel ɗin yadda za a liƙa rahoto a shafi ɗaya, umarnin Excel na SUMIFS ya tara, na VLOOKUP ya ɗauko sunan asusu daga takardar daidaitawa, jonal ya fito a wani shafin. Duk ranar da aka ƙara sabon rukunin kaya ko sabuwar na'urar POS a kanti, a ƙara ta a takardar, in ba haka ba kuɗinta zai riƙa zubewa a hanya, gwajin sifilin nan ne zai tona.

Ka riƙe ɗan rajista: ranar ciniki, lambar jonal, jimilla, wanda ya shigar. In wata ya ƙare an tantance, kulle shi, Close the books a QuickBooks, lock date a Xero, Transaction Locking a Zoho, don kar wani ya zo ya sake zuba tsohon fayil. In kashiya ya soke rasit na makon jiya bayan an riga an kai, kar a sake shigo da ranar, a yi ƙaramin jonal na gyara da kwanan watan yau.

Haɗin kai tsaye, wanda manhajojin biyu ke magana da juna ba fayil, ko ta manhajojin haɗi irin su Zapier da Make, yana da kyau in manhajarka tana da shi, amma sai ka yi aƙalla wata guda da hannu ka san yadda alƙaluman kantin suke, don shi ma takardar daidaitawar nan zai tambaye ka, kuma bai san kuɗin lodi da cire kuɗi da kati ba. Ranar da za ka kunna shi ka duba ranar farawar da ya saka, wasu suna komawa baya su kwaso tsohon ciniki, ka sa ta washegarin jonal ɗinka na ƙarshe, ka zaɓi jimillar rana in akwai zaɓin, daga ranar kuma a daina shigo da fayil da hannu. Makon farko ka ci gaba da ɗora rahoton Z kusa da abin da ya sauka kowace safiya.